Jirgin Ƙaura: mai kwal ya wuce, wane iri ya dace da layinmu yanzu?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma masu sani nake so su tanka, ba masu "Allah ya kyauta" kaɗai ba. Layin dogon nan da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, in da yau za a ce mu zaɓi abu guda da za a ɗora masa, me za mu roƙa? Ni na ce a kawo mana ƙaramin jirgin dizal ɗin nan mai tarago biyu ko uku, wanda injinsa ke ƙarƙashin taragon fasinja, direba yana iya tuƙa shi ta gaba ko ta baya. Ya riƙa safe da yamma tsakanin Ƙaura da Funtuwa. Abokaina sun ce na raina Zamfara, wai ko irin na Abuja zuwa Kaduna, ko a bar shi.

Mai Shago Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Abokanka sun fi ka gaskiya. Katsinawa ana ja musu sabon layi daga Kano ta Daura har Maraɗi, mu kuma mu tafi muna roƙon guntun jirgi a kan ƙarfen da Turawa suka bari? In za ka sha giya, sha ta dubu.

Malama Mai Tarihi:
Kafin a kai ga roƙo, a san abin da ake magana a kai. Jirgi ya shiga Kano a 1911. Reshen nan namu sai a 1929 ya kai Ƙaura, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 200 daga Zariya. Kuma ba don kakanninmu su je ziyara aka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da ƙiraga da fatu ake son fitarwa zuwa teku. Shi ya sa ma'aikatar gurzar auduga ta zauna a Funtuwa da Gusau, kamfanoni irin su John Holt da UAC suka buɗe kantuna. Gusau da kuke gani, dogo na cikin manyan abubuwan da suka ɗaga ta ta zama garin ciniki. Ƙaura kuwa ta zama bakin layi, kayan Shinkafi da Zurmi da ƙasar Sakkwato suna sauka nan a kan raƙuma da jakai, daga baya a motoci, a loda su tarago. To layin kaya ne tun asali, fasinja ɗan rakiya ne. Duk wanda zai kawo shawara ya riƙe wannan.

Jikan Baba Faya:
Malama, ina karanta wa kakana abin da kuke rubutawa, ya ce dole sai ya sa baki. Ya yi aikin faya, wato zuba kwal a kan jirgi, kafin a mai da shi ɓangaren dizal. Zan rubuta yadda yake faɗa.

Yac ce: Ina gaishe ku ɗiyana. Wanga yaro da yac ce a kawo ƙaramin jirgi, ban ƙi tashi ba, amma ku bari in hwaɗa muku abin da munka gani, don yaran yanzu sun ɗauka kan jirgi awa mota ta, ka murɗa makulli ka tahi. Mai kwal ba haka na ba. In jirgi zai tashi da hantsi, tun cikin dare wani ya hura mai wuta, da itace da tsumma mai mai, sannan a riƙa ƙara kwal kaɗan-kaɗan har tukunya ta ɗau zahi. In ta yi sanyi ƙalau, sa'o'i taka ɗauka. Ba a gaggauta ta, in ka matsa mata ƙarhe shi buɗe, bututu su fara yoyo. In munka zo ni da direba, shi shi zagaya da butar mai shina ɗiga ma sanduna da gaɓoɓi, ni in duba wuta, in duba gilashin ruwa, in duba yashi.

Ɗan Sabon Gari:
Baba barka da war haka. Yashi kuma? Na me?

Jikan Baba Faya:
Yac ce: Na ƙahwa. In damina ta ko raɓa ta sauka ga dogo, ga kaya da nauyi, sai ka ji ƙahwahu na juyawa wuri guda, jirgi bai gaba. Akwai akwatin yashi da ɗan bututu da ka zubo shi daidai gaban ƙahwa, sai ta kama. Amma abin da ba ka ɗauke ido gare shi, gilashin ruwa na. Ruwa in ya sauka ƙasa da rufin murhu, ƙarhen nan shi yi ja, to sai abin da Allah ya yi. Akwai wani toshi na darma da anka sa ga rufin, in ruwa ya yi ƙasa shi narke, tururi shi hwaɗo cikin wuta. Faya da toshinai ya narke, ya shiga ukku, sai ya yi bayani ga manya. Kuma zuba kwal ba jibga shi aka yi ba. Ka buɗe ƙohwa, shebur guda kusurwar dama, guda ta hagu, guda ƙarƙashin ƙohwa, ka ruhe. Ka dubi hayaƙi. In ya yi baƙi ƙirin, ka cika mata ciki, ɓarna kaka yi. Direba na sanin faya nagari daga launin hayaƙinai.

Maman Ihsan:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kakata kullum in ana hirar jirgi sai ta ce duk wanda ya leƙa taga da farin mayafi ya sauka da mai ɗigo-ɗigo. Ashe ku ne Baba.

Jikan Baba Faya:
Yana dariya, ya ce ki gaya mata ta yafe. Ya ce mayafi ai da sauƙi, tartsatsi ne abin tsoro. Da rani in ciyawar gefen layi ta bushe, ko an jawo taragon auduga da tamfol ɗinsa bai rufu da kyau ba, ƙwayar wuta guda ta isa.

Injiniyan Poli:
Baba ya ba mu abin da babu a littafi. Bari in ɗora lissafi a kai, don akwai masu ganin hotunan kan jirgi mai tururi a intanet suna cewa ina ma a dawo da shi. Kwal ɗin da Baba yake zubawa daga Inugu yake zuwa. Ku bi hanyar: Inugu, Makurɗi, Kafanchan, Kaduna, Zariya, sannan Ƙaura. Kusan kilomita 1,000 ke nan. Wato jirgi ne ke ƙona kwal don ya jawo kwal ɗin da wani jirgin zai ƙona. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932 ma, sai an ɗora taragu a jirgin ruwa an haye Binuwai da su. Ga shi kuma injin tururi, cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke zama ƙarfin ja bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran ya bi hayaƙi. Dizal yana kai kusan kashi 30.

Sai ruwa. Ruwan da tukunya ke sha ya ninka kwal ɗin nauyi sau da yawa, kuma tururin da ya fita ya fita ke nan, ba ya dawowa. Dole a kafa tanki da famfo a tashoshi, a sa mai gadinsu. A ƙasar da gulbin Gagare ke zama rairayi da bazara, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. In ruwan mai laka ne ko mai gishiri-gishiri, ya daskare a jikin bututu, sai an kashe wuta an wanke tukunya, kan jirgi ya kwana bai nemo ko kwabo ba. Saboda haka ba ƙiyayya ta sa aka bar shi ba. Dizal na farko na babban layi sun iso ƙasar nan a 1955, ƙirar English Electric, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal ɗin Inugu, ya ƙara gaggauta abin.

Mai Shago Tudun Wada:
Injiniya, ba wanda ya ce a dawo da kwal. Maganata a kan faɗin layi take. Namu tsohon yayi ne, siriri.

Injiniyan Poli:
Zan zo nan Alhaji. Faɗin namu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Bambancin bai kai kamu biyu ba. Kuma wannan "siririn" shi ne faɗin da Afirka ta Kudu ke jan tama da kwal a kai, da jirage mafi nauyi a nahiyar nan. Shi ne faɗin jiragen yau da kullum na Japan, in ka cire mai gudun tsiyan nan, kuma suna kai kilomita 130 a awa a kansa. A jihar Kwinslan ta Ostireliya akwai mai yin 160. Abin da ke hana namu gudu ba siranta ba ce. Ƙarfe ne mara nauyi da ya tsufa, tsakuwar ƙarƙashi ta nutse, kwalbatoci da gadoji ruwa ya ci gindinsu. In ka shimfiɗa mai faɗi ka bar shi ba kulawa, haka zai koma.

Ɗan Argungu:
Ni ina gefe ina sauraronku ina mamaki. Kuna gardamar siriri da mai faɗi, mu a Kabi ko siririn ba mu taɓa gani ba. Daga Ƙaura dogo bai ƙara taku ɗaya ba, bai je Sakkwato ba balle Birnin Kebbi. Shinkafarmu da albasar Aliero a bayan tirela suke tafiya har kudu. Ku riƙe abin da kuke da shi.

Mai Shago Tudun Wada:
Bakabe ai kifi ya sani, me ya haɗa shi da jirgin ƙasa? Kwalekwale ya ishe ku.

Ɗan Argungu:
Alhaji za mu haɗu a kasuwa.

Malama Mai Tarihi:
Ina da ja a kan shawarar Ɗan Sabon Gari, kuma ba ta fuskar Alhaji ba. Na ce layin kaya ne. Bayan yaƙin duniya na biyu gyaɗa ta yi yawa har reluwe ta kasa kwashewa, kawunan jirgi sun gaji ba kayan gyara, buhuna suka yi ta taruwa, yana cikin abin da ya sa dalar gyaɗa ta yi ta tsawo a Kano. Shi ya sa daga 1948 aka shigo da sababbin kawuna daga Ingila, waɗanda aka laƙaba wa sunayen koguna. Wato kaya ne ke kiran jirgi. Sai fari na farkon shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, fitar da gyaɗa waje ya tsaya. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Kwalta ta yi kyau, manyan motoci suka ɗauke abin da ya rage. Dizal ya zo ya tarar da layin, bai hana shi mutuwa ba, don abin da zai ja ne babu. To ƙaramin jirgin fasinja da kuɗin tikiti kaɗai zai biya leburorin da za su kula da kilomita 200?

Injiniyan Poli:
Ba zai biya ba Malama, kuma kusan babu inda tikitin reshe irin wannan ke biyan kuɗin dogo. Kwaltar Gusau zuwa Ƙaura ma ba kuɗin mota ke gyara ta ba. Tambayar ita ce wane jirgi ne asararsa ta fi sauƙi, kuma ya fi yi wa mutane amfani. Babban kan dizal nauyinsa na kai tan 80 ko fiye. Ka ɗaura masa tarago uku rabinsu ba kowa, daidai yake da ka ɗauko tirela don kai buhu biyu kasuwar ƙauye. Ƙaramin kuwa injinsa bai wuce na babbar mota ba, makanikan dizal na garejin Gusau za su gane kansa. Ba shi da nauyi, ba ya dukan tsohon ƙarfe da gada. Yana tashi da sauri ya tsaya da sauri, don haka zai iya tsayawa a ƙananan garuruwa ba tare da ya cinye yini ba. In ya iso Ƙaura ba sai an kwance kai an zagayo da shi ba, direba ya sauka ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, shi ke nan.

Kuma ba mu za mu fara ba. Jamus ta Yamma a shekarun 1950 ta ga rassan karkara na cin kuɗi da jirgin tururi, ta ƙera ɗaruruwan irin waɗannan ƙananan, jajaye, har ana yi musu kirari da masu ceton ƙananan layuka. Ingila a shekarun 1980 ta ɗauki gangar jikin bas ta ɗora a kan ƙafafun tarago. Fasinjoji sun yi ta ƙorafin girgiza da ƙara, gaskiya ne, amma sun yi aiki har wajen 2021. Nan gida ma an kawo irin masu kai biyun nan daga Sin a 2014 don zirga-zirgar Legas, a kan wannan siririn layi dai.

Jikan Baba Faya:
Baba ya ce a tambayi Injiniya, ƙaramin nan in ya haɗu da shanu fa? Yac ce: Mai kwal in ya busa, garke na watsewa tun daga nesa, in ma ya bugi sa, shi ka wucewa. Abu mara nauyi sa guda na iya kaɓe shi ga dogo. Kuma yac ce: layi guda na, ba biyu ba. Mu lokacinmu ba ka barin tasha sai mai tasha ya miƙo ma ƙarhen izini, ka riƙe shi har tasha ta gaba ka miƙa. In babu shi ga hannunka, ko sarki na ciki ba ka motsi. In za ku yawaita jirage safe da yamma, wa ka riƙon tashoshin? Gini ba mutum ba na.

Injiniyan Poli:
Baba ya kama ni a inda ya dace. Ana sa masa garkuwar ƙarfe a gaba, amma gaskiya nauyi nauyi ne, sai an rage gudu a mashigin burtali. Maganar tashoshi kuwa, da jirgi ɗaya tak za a fara, yana kai da komo, ba wanda zai yi karo da shi. In sun zama biyu, su riƙa haɗuwa a Gusau kaɗai, rediyo ta ishe su. Amma dole a sami mutum a can, wannan ba makawa.

Maman Ihsan:
Ku maza kuna ta ƙarfe da inji. Ni mai saye da sayarwa ce, ina kai atamfa da kayan kicin ƙauyuka in sayo wake da gero. Abu biyu zan tambaya. Na farko, ina zan sa buhuna? In kujeru ne reras kamar na Abuja, ana duba jakarka ana ce miki ta yi girma, to ba namu ba ne, na 'yan boko ne. A cire kujerun rabin tarago a bar fili, ƙofa ta zama mai faɗi, dakalin tasha ya zo daidai da ita. Na biyu, wanda kowa ke kewayewa: daji. Tsakanin Tsafe da Funtuwa ko a mota sai da addu'a. Kowa ya san abin da ya sami jirgin Kaduna a watan Maris na 2022, kuma wannan sabon layi ne mai faɗi. Ni uwa ce, ba zan sa 'ya'yana a abin da ba ya iya kauce wa hanya ba.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya wannan ita ce maganar da ba ni da amsarta. Abin da zan iya cewa, a fara da Gusau zuwa Ƙaura, da rana tsaka, a ga yadda za ta kasance. Ɗaliban Poli ta Ƙaura kaɗai sun isa su cika tarago.

Maman Ihsan:
Ita ma wannan hanyar ba ka ce mini lafiya lau take ba. Amma na yarda gajeren zango ya fi dogon zango sauƙin tsarewa.

Mai Shago Tudun Wada:
Tsorona ɗaya ne. Ka karɓi ƙarami yau, gobe in ana rabon babba a ce ai Zamfara an sallame ku. Mun san halin rabon ƙasar nan.

Malama Mai Tarihi:
Alhaji, ni kuma tsorona kishiyar naka ne. Akwai ƙaramin layi da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, don kuzar Jos. An rufe shi a 1957. Je ka nemi sawunsa yau. Layin da jirgi ba ya bi, gona takan ci gefensa, gini ya hau filinsa, ɓarayin ƙarfe su kwance shi su sayar wa 'yan gwangwan. Ranar da za a zo shimfiɗa babban, sai an biya diyyar filin da da can na reluwe ne. Ko kurar da ake turawa a kan dogo ce ke bi kullum, tana tsare filin. Da wannan hujjar kaɗai na sassauta, ba don Injiniya ya gamsar da ni a kan kuɗi ba. Kuma har gobe ina nan a kan cewa in ba a nemo wa layin kaya ba, hatsi ko dabbobi ko taki ko siminti, ƙaramin jirgin zai zama na yanke kyalle ne a ɗauki hoto.

Injiniyan Poli:
Ban musa ba. In an gyara dogo don ƙaramin, jirgin kaya na iya bi sau ɗaya ko biyu a mako a hankali. Wani abin da ba a ambata ba: tun gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma na da ikon shiga. Tsohon layin dai na tarayya ne, sai an zauna da su. Amma reshen ya ratsa Kaduna da Katsina da Zamfara, gwamnoni uku ke nan da za a iya tambaya.

Ɗan Argungu:
In kun zauna da su ku ce a ƙara ko zuwa Talatar Mafara ne, mu ma mu fara jin ƙamshi.

Jikan Baba Faya:
Baba zai tafi masallaci. Ya ce in gaya wa Injiniya, kafin a yi maganar sayen komi, a samu mutum huɗu su taka layin da ƙafa daga Gusau zuwa Ƙaura bayan damina, da guduma da littafi, su ƙirga kwalbatocin da suka rufta da inda aka kwance ƙarfe. Ya ce da haka ake farawa a zamaninsu, kuma in an tashi a zo ya faɗi wuraren da ruwa ya saba ci.

Injiniyan Poli:
A gaya wa Baba na karɓa, amma ba da ƙafa ba a halin da ake ciki. Zan fara da hotunan tauraron ɗan adam, in yi alama a duk inda layin ya haye rafi, in kawo masa ya duba. Wanda ke zaune kusa da dogo a Tsafe ko Gusau ko Ƙaura ya ɗauko mana hoton abin da ke ƙofar gidansa ya turo nan, ya rubuta sunan unguwar.

Maman Ihsan:
Ƙanena na Tsafe, zan sa shi. Amma Injiniya ka rubuta maganar buhuna a littafin naka tun yanzu.